Jifana na Uku

Likita ce ta ja mini. Ta duba gwiwoyina, ta duba awon jini, ta ce in dai ina son in ƙara wasu shekaru a tsaye to in riƙa tattaki kullum, ta kuma kwatanta mini wani filin wasanni da ke bayan gidajenmu a unguwar Tottenham, nan ƙasar Turawa, inda tsofaffi irina ke zagaye da safe, kai a ƙasa kamar masu neman allura. Sati biyu lafiya lau. A na uku ina cikin zagayena sai na ji abu ya faɗi a ciyawa, tim, irin ƙarar da ba ta tashi sama, ƙasa take shigewa. Ban waiwaya ba na san ko mene ne. Na kama ƙarfen shinge ina salati, har wata baturiya mai yawo da kare ta tambaye ni ko ta kira mini motar asibiti. Ashe 'yan mata ne ke koyon jifan faifai a can kusurwar filin, cikin wani dogon keji na raga. Na gode wa matar, na lallaɓa gida na kulle ƙofa. Tun ranar abu guda nake juyawa a raina. Akwai mai haƙƙi a kaina a can gida Najeriya, tana raye, kuma ba ta ma san tana da haƙƙin ba. Na tsufa, ita ma ta tsufa, kuma ina tsoron ɗayanmu ta mutu ban faɗa mata ba.

Wanda ya gan ni yau ina roƙon a buɗe mini murfin kwalba ba zai yarda ba, amma a makarantar horon malamai ta 'yan mata da na yi, Taɓarya ake kirana. Allah ya ba ni ƙashi. Makarantar tana bayan gari, kuma har gobe in na rufe ido kunnena ne ke fara komawa can kafin idona: ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiyar maina ana buga shi da asuba, kukan guga a bakin rijiya, tsintsiya talatin suna tafiya tare a tsakar makaranta, sai kuma turmi uku na bayan madafa da ke amsa wa juna. Ranar da aikin daka ya faɗo kaina, mai dafa mana abinci har addu'a take yi mini, don kafin sauran su gama shafa hannu na cashe kwano huɗu. Kakata kuwa ba ta ga abin yabo a nan ba. Takan dube ni ta girgiza kai ta ce mace da irin wannan damtse, sai dai Allah ya sa mijin mai haƙuri ne. Filin wasanmu mu muke sare ciyawarsa da lauje bayan damina, a jere, muna waƙa muna zagin macizai. Ba shinge ba katanga. Hanyar masu zuwa kasuwa daga ƙauyuka ta gefensa ta ratsa, jakuna da kekuna da mata masu tallan nono duk ta nan suke bi, ba wanda ya taɓa ganin aibun haka.

A shekarata ta biyu aka kawo mana wata Bajamushiya ta koyar da wasanni. Mijinta aikin haƙa rijiyoyin burtsatse ya kawo shi, ita kuma zaman gida ya ishe ta. Malama Jamus muka sa mata. Doguwa ce, kafaɗunta sun fi na maigadin makaranta faɗi, fuskarta kullum a ƙone da rana, Hausarta kuma ta kasuwa ce, wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ranar da ta fara lura da ni, akuya ce ta sa baki a tsakin da na shanya, na wurga mata murfin tukunya daga nesa na same ta a haƙarƙari. Ina jiran faɗa sai na ga matar ta tako ta kama hannuna tana juya shi, tana auna yatsuna da nata. Washegari ta zo da buhu, ta zazzage faya-fayai uku na katako masu bakin ƙarfe, kowanne nauyin kilo guda, sun sha hannu har suna ƙyalli. Ta sa aka zuba siminti aka yi da'ira a kusurwar fili. Nan na fara sanin cewa ƙarfi kaɗai ba ya jifa. Sai ka ba fili baya, ka juya sau ɗaya da rabi kamar mai shiga rawa, ƙafa ta ja ƙugu, ƙugu ya ja kafaɗa, hannu ne ƙarshen zuwa. In ya fita daidai ba ka jin nauyinsa ko kaɗan, sai dai ka ji ɗan yatsanka ya yi zafi.

Da yamma in mun gaji takan zaunar da mu a inuwa ta ba mu labarin kanta, rabi Turanci rabi Hausa, sauran kuma da hannu. 'Yar maƙeri ce a wani ƙaramin gari mai sanyi, ta tashi tana ɗauke wa ubanta ƙarafa. Tana 'yar shekara goma sha huɗu wani malami ya ba ta faifai, daga nan ba ta sake ajiye shi ba. Ta ce a lokacin ƙanƙara cikin rumbun dawaki take jifa, a jikin tsohon bargo da aka rataye, yatsunta suna tsagewa suna jini. Ta yi gasa a garuruwan da ba ma iya faɗin sunansu, ta ci wasu ta faɗi wasu, galibi ta biyu take zuwa, tana dariya ta ce akwai wata ƙatuwa da Allah ya halitta musamman don ta riƙa shiga gabanta. Lambobinta a gwangwanin biskit take ajiye su tare da zare da allura. Abin da ya kawo ƙarshen wasanta shi ta fi maimaita mana. A gasar da za a zaɓi masu wakiltar ƙasarsu a babban taron duniya, ta shiga jifanta na ƙarshe, tana tsakiyar juyi sai ta hango wani mai ɗaukar hoto ya shigo fili yana duba na'urarsa. Ta riƙe faifan. Duk ƙarfin da ta tara ya rasa inda zai je, ya tsaya a kafaɗarta ya yage ta. Ta zame rigarta ta nuna mana ɗinkin, dogo kamar sawun maciji a yashi. Ba ta je taron ba, ba ta kuma sake yin gasa ba. Mu kuwa da muka koma ɗakin kwana dariya muka yi ta yi mata. Na tuna ni da bakina na ce in jifa ya wuce kanka ya faɗa kan uban kowa, wa ya aiki mai hoto shiga gonar da ba tasa ba.

Saboda wannan ne ta fi tsananta mana a abu guda. Kana cikin juyi sai ta tafa hannu ba zato, dole ka danne faifan a cinyarka ka fita daga da'irar ko da faɗuwa za ka yi. Ta sa na yi wannan ya fi sau ɗari. Na iya shi sarai, kada wani ya ce ban iya ba.

Asabe ita ce aminiyata, gadonta na kusa da nawa, kwanonmu ɗaya. 'Yar siririya ce mai kaifin kai, ita ke yi mini lissafi ni kuma in ɗebo mata ruwa. Burinta ta zama shugabar makaranta, har takan kwaikwayi tafiyar tamu shugabar ta sa mu ciwon ciki. Ba ta iya jifa ba, don haka ta ɗauki aikin kafa tsinke: ta tsaya a gefen fili, in faifai ya faɗi ta ruga ta soke tsinken kara a wurin kafin a kawo igiyar awo. Malama Jamus ta sha gaya mata cewa mai tsinke ido ɗaya gare shi, kuma a kan mai jifa yake. Amma mu an haife mu a gidajen da yarinya ba ta wuce babba a tsaye. Ka hango dattijo ka sunkuyar da kai, ka je ka durƙusa, ka tsaya a haka har sai ya gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya riga shiga jininmu kafin a zuba simintin da'ira. Baturiya ta yi shekara tana koya mana, ba ta san akwai dokar da ta girmi tata a filin ba.

Ranar da abin ya faru, ranar zaɓen wadda za ta wakilci makaranta a gasar lardi ce, mutum ɗaya za a ɗauka, jifa uku kowa. Ni kowa ya sa wa ido, ni ma na riga na ɗinka sabon siket a raina. Na farko zumuɗi ya sa na taka bakin da'ira, aka soke. Na biyu ya kauce ya faɗi wajen layi. Wata 'yar aji uku da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba ta shiga gabana, 'yan ajinsu suna ta guɗa. Na shiga na uku zuciyata na tafasa. Na duba fili, ba kowa, Asabe na gefe da tsinkenta. Na ba fili baya, na yi lilo da hannu sau biyu, na shiga juyi, kuma tun daga takun farko na ji a jikina cewa wannan shi ne jifan da ban taɓa yin irinsa ba. A tsakiyar juyi akwai ɗan lokacin da fuska ke wucewa ta fili, bai kai ƙiftawar ido ba. A nan na gan ta. Baffanta ne ya biyo hanyar kasuwa a keke, ta ratsa fili ta tare shi, ta durƙusa a can ƙarshen inda jifa mai kyau ke sauka, ta ba ni baya, farin ɗankwalinta a sunkuye. Na gan ta sarai. Na san in na riƙe an soke ni, 'yar aji uku ta tafi. Wani abu a raina ya ce ai ba zai kai can ba. Na saki.

Ya kai. Ban ji ƙarar da na saba ji ba, wata na ji, busasshiya, kamar an fasa ƙwarya. Baffan ya saki keke. Malama Jamus ta riga kowa isa, ta cire rigarta ta sama ta naɗe kan Asabe, ta sungume ta kamar jaririya ta yi motar mijinta da gudu. Ni ina tsaye a da'ira ban ko motsa ba, ina jin ɗan yatsana yana zafi, alamar jifa ya fita daidai.

Kwana tara Asabe ba ta san inda take ba. Ta tashi, amma kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu sai an ɗaga murya, lissafin nan da take yi kamar shan ruwa ya zube, magana ma sai ta tsaya tana laluben kalma. Ba ta dawo makaranta ba. Kafin a zauna bincike Malama Jamus ta same ni a bayan madafa ni kaɗai, ta tsuguna har idonta ya zo daidai da nawa.

"Ka gan shi?" ta ce, da Hausarta ta kasuwa. "Lokacin juyi. Ka gani?"

Na ce ban gan ta ba.

Ta daɗe tana kallona. Mace ce da ta yi wannan juyin sau dubbai, ta san abin da ido ke gani a tsakiyarsa da abin da ba ya gani. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta, ta je gaban shugaba da mutanen ofishin ilimi ta ce laifinta ne, ita ya kamata ta tafa hannu ba ta tafa ba, don tana duba takarda. Mutanen gari suka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Baffan Asabe ya yi ta kuka yana cewa da ya bi wata hanya. Kowa ya samu rabonsa na laifi ya ɗauka, ban da ni, har ma ana zuwa yi mini jaje. Kafin ƙarshen zango matar ta tattara ta bar makarantar. Ba ta yi mini sallama ba, ban kuma sake jin ɗuriyarta ba. Wani lokaci nakan yi tunanin ko tana raye a wani gari mai sanyi, tsohuwa da gwangwanin biskit, wadda shekara da shekaru ita kaɗai a duniya ta san abin da na sani.

Daga baya na yi aure, maigidana ya samu karatu a wata jami'a da ke unguwar Bloomsbury, muka zo da niyyar shekara uku, ga shi har na binne shi a nan. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, na wanke raunukan kai ba adadi. 'Ya'yana ba su san na taɓa riƙe faifai ba. Abin da suka sani shi ne uwarsu tana da wata ɗabi'a: ranar idi in an fito daga masallacin Regent's Park an baje a ciyawa ana cin abinci, ni sai na nemi gindin bishiya na jingina bayana, kuma duk yaron da ya wurga faifan roba kusa da ni zai ji bakina. Suna cewa Mama ta cika faɗa. Da can nakan yi wa jikokina tsiya a kan gaisuwa, yaro ya tsaya ƙiƙam ya zuba maka ido ya ce maka hello kamar sa'ansa. Yanzu na rage. Nan komai da shinge, da tuta, da mai busa usur, da takardar da za ka sa hannu kafin ɗanka ya taɓa ƙwallo. Muna yi wa Turawa dariya muna cewa tsoron mutuwa ya hana su rayuwa. Amma na tsaya na kalli kejin ragar nan, na ga ba hanyar kasuwa a bayansa, ba kuma yarinyar da za ta ba mai jifa baya don ta ga baffanta, sai na rasa wa zan yi wa dariya.

Asabe ta yi aure a ƙauyensu, ta haifi 'ya mace ta sa mata sunana. Wannan ya fi komai ci mini rai. Takwarar tawa yanzu babbar mace ce, malamar asibiti, ita ke riƙe da uwar, kuma Mama take kirana tun tana ƙarama. Duk wanda zai je gida sai na ba shi saƙon rigar sanyi ko man zafi, ana ta sa mini albarka ana cewa ba a taɓa ganin aminci irin namu ba. Na je Makka na roƙi gafara a gaban Ka'aba, amma tun muna yara malaminmu na allo ya gaya mana cewa Allah yana yafe nasa, haƙƙin bawa kuwa sai bawan ya yafe. Lokacin da nake da ƙuruciya nakan ce sai na je gida, in na je kuma in ga mutane sun yi yawa. Bayan abin da ya same ni a filin bayan gidajenmu, barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina shiga. Babbar 'yata ta ce za ta yi mini booking wurin likita. Na ce ta bari, ba ciwon likita ba ne.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na yi alwala na zauna na kira Takwara ta waya mai hoto. Ta ɗauka da fara'arta, Mama ina wuni, Mama ya sanyi, ta juya wayar na ga Asabe a kan tabarma tana tsince wake, ta rame, ba haƙori, amma idon nan nata ne. Abin da ban lissafa ba shi ne kunnenta ba ya kama muryar waya. Duk abin da zan faɗa sai ya bi ta bakin 'yarta. Na so in fasa. Sai na tuna ba ni da tabbacin wata Juma'ar, na rufe ido na faɗa duka: juyin, farin ɗankwalin, 'yar aji uku, tafin da aka koya mini, ƙaryar da na yi a bayan madafa. Na ce ta gaya wa uwarta na gan ta kafin in saki.

Da na buɗe ido fuskar Takwara ta canja.  Sannan ta sunkuya a kunnen uwarta na hagu ta ɗaga murya.

"Inna, ta ce ki yafe mata."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ce Takwara ba haka na ce ba, faɗa mata duka. Ba ta ko kalle ni ba. Asabe ta washe baki tana dariya, ta matso da fuskarta har ta cika wayar.

"Taɓarya, me kika yi mini? Na yafe duniya da lahira." Ta tsaya tana laluben kalma kamar yadda ta saba. "Ni ce ma zan ce ki yafe. Jifan nan naki mai kyau, ban kafa miki tsinke ba. Da an auna, da ke kika tafi."

 Takwara ta janye wayar daga fuskar uwarta ta dube ni, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Sai an jima, Hajiya," ta ce, ta kashe.

Yau sati shida ke nan. Wadda ta yafe mini ba ta ji laifin ba, wadda ta ji kuma ba ta yafe ba, kuma ban san wanne daga ciki za a ɗora mini a ma'auni ba. Na kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Kullum bayan la'asar ina zama da alwalata, wayar a cinyata, ina jin tsoron ta yi ƙara, ina kuma jin tsoron kada ta yi.